Na'urar Tsotse Laima

Na'urar tsotse laima inji ne mai aiki da lantarki wanda ke zuƙo iskar ɗaki, ya tatse wani ɓangare na ruwan da ke cikinta, sannan ya sake ta a bushe. A gidaje an fi nemanta don busar da wanki a cikin ɗaki lokacin da ruwan sama ko sanyi ya hana shanya a waje, da kuma hana taga da bango yin gumi, wanda daga shi ne fumfuna da warin danshi ke tasowa.

Tushen aikinta

Iska mai ɗumi ta fi mai sanyi ɗaukar tururi. A digiri 30 na ma'aunin Selsiyos, kubik mita ɗaya na iska kan riƙe ruwa kusan giram 30. A digiri 20 kusan giram 17. A digiri 10 bai fi giram 9 da ɗoriya ba. Idan iskar ɗaki ta taɓa gilashi mai sanyi, sai ta sauke abin da ya fi ƙarfinta kamar raɓa. A ɗakin da ke digiri 20 da laima kashi 60 cikin ɗari na abin da iskar za ta iya riƙewa, duk abin da sanyinsa ya kai digiri 12 zai fara gumi. Galibi ana ba da shawarar kada laimar gida ta daɗe sama da kashi 60.

Tarihi

An iya auna laima tun kafin a iya rage ta. A 1783 Horace Bénédict de Saussure, masani ɗan Janeba, ya ƙera ma'auni da gashin mutum, saboda gashi kan miƙe idan ya sha danshi ya tsuke idan ya bushe.

Ana danganta injin farko na zamani ga Willis Carrier, injiniya ɗan Amurka, a 1902. Ba jin daɗin mutane ne ya sa aka yi shi ba, takarda ce. Maɗaba'ar Sackett-Wilhelms da ke Brooklyn tana buga hotuna masu launi, kuma kowane launi sai takarda ta sake bi ta cikin inji. Da laima ta canja sai takardar ta kumbura ko ta tsuke, launukan su kauce wa juna. Carrier, yana ɗan shekara 25, ya sa iska ta riƙa ratsa bututai masu ruwan sanyi, tururin ya zama ruwa ya ɗige. Daga wannan dabara na'urar sanyaya ɗaki ta samo asali, wato sanyin da aka san ta da shi yau daga baya ya zo.

Hanya ta biyu ta fito daga sinadarai masu shan danshi. Walter Patrick na Jami'ar Johns Hopkins ya yi rajistar hanyar sarrafa silika jel wajejen 1919, irin ƙwayoyin nan da ake samu a ƙaramar jaka cikin kwalin sabon takalmi. Carl Munters ɗan Suwidin, wanda tun a shekarun 1920 ya yi suna a ƙirar firji, ya kafa kamfani da abokansa a 1955, kuma da sunansa aka fi sanin faifai mai juyawa da ke shan laima a gefe guda yana fitar da ita a ɗayan. Ƙananan na'urorin gida, ga alama, sun yaɗu ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Ire-irenta

Mai kwamfiresa 'yar'uwar firji ce: fanka tana tura iska kan bututu mai sanyi, ruwa ya ɗiga cikin tanki, iskar ta bi ta bututu mai ɗumi ta fita. Ba ta cin wuta sosai, amma da ɗaki ya sauka ƙasa da digiri 15 sai ƙarfinta ya ragu, ƙanƙara ta fara kama bututun, ta riƙa tsayawa tana narkar da ita.

Mai faifai ba ruwanta da sanyi. Tana da hita da ke busar da faifan, don haka ta fi shan lantarki, ta fi sauƙin ɗauka, kuma tana ɗan ɗumama ɗaki.

Akwai ƙananan da ke aiki da dabarar da Bafaranshe Jean Peltier ya gano a 1834. Sun isa kabad, ba su isa wanki ba.

Zaɓe

Adadin lita da ake rubutawa a kwali, kamar 12 ko 20 a rana, shi ya fi ruɗin masu saye. A Turai yawanci ana auna shi ne a digiri 30 da laima kashi 80, yanayin da ɗaki mai sanyi ba ya kaiwa, don haka abin da za a gani a tanki kan yi ƙasa da haka nesa. Amurka ta sauke zafin gwajinta daga digiri kusan 27 zuwa 18 a 2019, sai lambobin na'urori iri ɗaya suka faɗi ba tare da an canja ko ƙusa ɗaya a jikinsu ba. Zafin ɗakin da za a ajiye ta ya fi lambar kwali muhimmanci.

Sauran abin dubawa: ma'aunin da ke kashe ta idan laima ta sauka, girman tanki ko wurin maƙala tiyo, da ƙara idan a ɗakin kwana za ta zauna.

Wanki

Kaya cikin injin wanki ɗaya, ko bayan an matse, kan riƙe ruwa lita biyu ko fiye. Ana rufe ƙofa da taga, a bar tazara tsakanin tufafi, a fuskantar da iskar gare su ba tare da suna ɗiga a kanta ba. Ruwan tankin ba na sha ba ne.

Saɓani

Ana jayayya kan ko ta fi injin busar da kaya sauƙin wuta. Ya danganta da irin injin. Masana gini kuma na jaddada cewa ba ta maganin yoyon rufi ko danshin da ke tasowa daga ƙasa.