Zaman baƙunta a Kuala Lumpur: tambayoyi da amsoshi

Kuala Lumpur, babban birnin ƙasar Malesiya, sananne ne a jami'o'in arewacin Najeriya, domin malamai da dama daga Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri can suka yi digirinsu na biyu ko na uku, wasu da tallafin TETFund, wasu kuma da aljihunsu. Sai dai wanda ya baro birnin shekaru goma da suka wuce, in ya ba mai shirin tafiya yau shawara, zai iya kwatanta masa garin da ya riga ya sauya kama.

Me ya sauya a birnin, kuma ta ina sauyin ya shafi baƙo?

Abin da ido ke fara gani shi ne dogayen gine-gine. Tagwayen benayen Petronas, masu tsawon mita 452, sun riƙe kambun gini mafi tsawo a duniya daga 1998 zuwa 2004, amma yanzu Merdeka 118, wanda aka buɗe a 2024, ya kere su, domin tsawonsa ya kai kusan mita 679, kuma Burj Khalifa na Dubai kaɗai ya fi shi. Wannan duk abin kallo ne. Abin da ya sauya rayuwar baƙo da gaske shi ne jirgin ƙasa na cikin gari. An kammala layin Kajang a 2017, sannan layin Putrajaya a 2023, wanda ya bi ta Serdang, inda Jami'ar Putra take, har zuwa Cyberjaya. Ɗalibin da a da sai ya sayi tsohuwar mota ko ya daɗe yana jiran bas, yanzu katin biyan kuɗin jirgi na Touch 'n Go ya ishe shi shiga gari ya dawo. Duk da haka, a tsakiyar benayen nan akwai unguwar Kampung Baru, wadda aka keɓe wa Malayawa tun wajajen 1900, inda har yau ake ganin gidajen katako, kuma an daɗe ana ja-in-ja kan ko a rushe ta a gina benaye.

Samun gidan haya yana da wuya?

Gidaje suna nan birjik, galibinsu a dogayen benaye masu mai gadi a ƙofa, wasu har da wurin ninƙaya. Ana biyan haya wata-wata, saɓanin yadda aka saba a Najeriya, amma shiga gidan ce ke da nauyi, domin bisa al'ada mai gida yana karɓar kuɗin wata guda, da ajiyar kuɗin wata biyu, da ajiyar rabin wata saboda wuta da ruwa. Gidan da ke kusa da sabuwar tashar jirgi yakan fi tsada, shi ya sa jirgin da ya sauƙaƙa zirga-zirga shi ne kuma yake tura masu ƙaramin ƙarfi zuwa bayan gari.

Akwai kuma matsalar da bai kamata a ɓoye ba. Wasu masu gidaje ba sa ba baƙar fata haya, har akan rubuta haka ƙarara a tallan gida, jaridun ƙasar ma sun sha yin rahoto a kai. Mutum zai daidaita da dillali ta waya, amma da zarar an ji daga inda ya fito sai a ce an riga an kama gidan. Laifuffukan damfara da na safarar ƙwayoyi da aka kama wasu tsiraru da su sun shafa wa kowa kashin kaji, ko da yake wannan ba hujja ba ce ta yi wa jama'a kuɗin goro. Hanyar da ta fi ɓullewa ita ce a gaji gida daga hannun ɗalibin da ya gama karatu, wanda mai gidan ya riga ya yarda da shi.

Me ya kamata a sani game da takardun zama?

Nan ne baƙo ya fi shiga uku idan ya yi sakaci. Bizar ɗalibi tana bi ta hannun EMGS, hukumar da ke kula da sha'anin ɗaliban ƙasashen waje, ana yi wa mutum gwajin lafiya bayan ya sauka, kuma yawancin ɗalibai suna sabunta takardar duk shekara, inda ake duba sakamakon jarrabawa da halartar aji. Sabuntawar tana cin lokaci, don haka mai hankali yakan miƙa takardunsa tun da sauran watanni. Wanda wa'adinsa ya ƙare bai sabunta ba yana iya fuskantar tara ko tsarewa ko a hana shi komawa ƙasar. Batun aiki ma a taƙaice yake: doka ta yarda ɗalibi ya yi aikin da bai wuce awa 20 a mako ba, a lokacin hutu kawai, a wurare ƙalilan irin su gidan abinci da gidan mai da otal, kuma sai da izini. Duk wanda aka ce masa zai riƙa biyan kuɗin makaranta da aikin da zai samu a can, an yaudare shi.

Yaya sha'anin abinci da ibada yake ga Musulmi?

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi sauƙi, shi ne ma abin da ke jan mutanenmu zuwa can. JAKIM, hukumar kula da harkokin Musulunci ta ƙasar, ita ce ke ba da shaidar halal, ana ganin tambarinta a jikin kayan abinci da ƙofar gidajen cin abinci, sannan da wuya a shiga babban kanti ko tashar mota ba a tarar da ɗakin salla ba. Gidajen abincin Musulmi 'yan asalin Indiya, waɗanda ake kira mamak, da yawansu ba sa rufewa dare da rana, kuma nan ɗalibai ke zama da tsakar dare suna cin roti canai, wata irin gurasa, da shayin madara suna kallon ƙwallon Ingila. Shinkafa ce abincin safe da rana da dare, har da nasi lemak, wadda ake dafawa da madarar kwakwa a ci da yaji da ƙananan kifi da gyaɗa. Mai marmarin miyar gida yana samun kuɓewa da manja da busasshen kifi a kasuwar Chow Kit. A masallaci kuwa, wanda ya tashi a kan mazhabar Malikiyya zai lura cewa mutanen can Shafi'awa ne: liman yana bayyana bisimilla, kuma a sallar asuba yana yin alƙunutu a bayyane bayan ruku'u, mamu suna cewa amin.

Yanayin garin fa?

Babu hunturu, babu rani irin namu. Zafi da gumi ne duk shekara, sai ruwan sama mai tsawa da yakan sauko da la'asar ya tsayar da motoci cak. Saboda ambaliya aka haƙa ramin SMART mai tsawon kusan kilomita 10, wanda aka buɗe a 2007, motoci na bi ta cikinsa, in ruwa ya yi yawa a rufe shi ya zama magudana. Hakan bai hana ambaliyar Disambar 2021 yin ɓarna a yankin ba, musamman a Shah Alam, wani gari da ke kusa da birnin. A wasu shekarun kuma, kamar 2015 da 2019, hayaƙin ƙonen daji daga Indonesiya ya turnuƙe gari har aka rufe makarantu.

Har yanzu zaman yana da arha kamar yadda ake faɗa?

Ya danganta da kuɗin da mutum yake samu. Baturen da kamfani ke biya da dala, yana zaune a Mont Kiara ko Bangsar, 'ya'yansa na makarantar kuɗi, zai ce birnin arha ne, kuma gaskiya ya faɗa. Ɗalibin da ake turo wa naira daga gida kuwa lissafinsa daban ne, domin tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗin da a da yake isar sa shekara ya daina kai shi ko'ina, alhali da ringit, kuɗin ƙasar, yake biyan haya da inshorar lafiya da kuɗin sabunta biza. Wanda zai tafi da iyali sai ya ƙara da kuɗin takardar kowane ɗa da kuɗin makarantarsa, tunda shigar da ɗan baƙo makarantar gwamnati ba abu ne mai sauƙi ba, akasari sai dai a kai shi mai zaman kanta.