Auna Zaizayar Ƙashi da Wutar Lantarki

Auna zaizayar ƙashi da wutar lantarki hanya ce da masu bincike ke gwadawa don gano yawan ma'adinin da ƙashi ya rasa, ta lura da yadda wuta marar ƙarfi ke ratsa shi. Ma'adinin ƙashi, wanda akasarinsa kalsiyam ne da fosfat, ba ya barin wuta ta wuce da sauƙi. Ruwa da gishirin da ke cikin ƙananan ramukan ƙashi su ne ke ɗaukar ta. Idan ƙashi ya zaizaye, ramukan sukan faɗaɗa, bargo ya cike gurbin, sai tafiyar wutar ta sauya.

Tarihi

Tun a 1892 likitan Jamus Julius Wolff ya bayyana cewa ƙashi yana sake fasalinsa gwargwadon nauyin da ake ɗora masa, amma ba a san ta yaya ƙashin ke jin nauyin ba. A farkon shekarun 1950 likitan ƙashi na Japan, Iwao Yasuda, ya lura cewa wuta kaɗan tana iya sa sabon ƙashi ya tsiro. A 1957 shi da Eiichi Fukada suka nuna cewa busasshen ƙashi yana fitar da lantarki idan aka matse shi, suka danganta hakan da zaren kolajin, wani furotin da ke cikinsa. Masu bincike Bassett da Becker sun ga irin wannan a Amurka a 1962. Daga baya aka fahimci cewa a ƙashi mai ɗanshi, kwararar ruwa cikin ramuka tana da babban hannu a lamarin.

Gwaji a jikin mutum

An fi zaɓen ƙashin diddige, domin cikinsa kamar soso yake kuma naman da ya rufe shi ba shi da kauri. A 2012 masu bincike a Kwalejin Dartmouth, Amurka, sun ɗauki hoton diddigen mutum biyu da igiyoyin maikurowef, wato igiyoyin lantarki da maganaɗisu irin na rediyo, don ganin yadda suke ratsa ƙashin.

Saɓani

Sakamakon bincike bai zo ɗaya ba. Fata da tsoka da kitse suna rikita awon, kuma ƙashin da aka ciro daga jiki yana sauyawa da zarar ya fara bushewa.

A asibiti har yanzu na'urar DEXA, mai auna yawan ma'adinin ƙashi da hasken X-ray, wadda ta fito kasuwa wajen 1987, ita ake dogaro da ita, bisa ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar a 1994.