Illar Magani ga Motsin Jiki da Haɗiya

Illar magani ita ce cutarwar da magani kan jawo ko da an sha shi bisa ƙa'ida. Wadda mutane da yawa suka sani ita ce ƙaiƙayin kulorokwin, amma akwai waɗanda suka fi ta haɗari.

Wasu magungunan amai, irin su metoclopramide da Stemetil, da na taɓin hankali irin su haloperidol da Largactil, suna tare aikin sinadarin dofamin da ke daidaita motsi a ƙwaƙwalwa. Cikin awanni ko 'yan kwanaki sai a ga wuya ya murɗe gefe guda, idanu sun kafe sama, harshe ya zazzago, muƙamuƙi ya ƙage, yawu na dalala don haɗiya ta gagara. Yara da matasa abin ya fi kamawa. Abin takaici, sau da yawa 'yan uwa kan ɗauka iska ce ko farfaɗiya, a kama hayaƙi da tofi, ba wanda ya tuna ƙwayar da aka sayo a kemis jiya. Alhali a asibiti allura ɗaya kan saki jikin cikin mintuna. Idan abin ya taɓa maƙogwaro yana iya toshe numfashi, don haka ba a jira.

Mai shan waɗannan magunguna wata da watanni kuma yana iya samun tauna da mamular baki ba da sonsa ba, wani lokaci har bayan ya daina. Shi ya sa a 2013 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta taƙaita shan metoclopramide zuwa kwana 5, ta kuma hana ba jariri ɗan ƙasa da shekara 1.

Wata matsalar haɗiyar daban ce: kafso ɗin doxycycline (maganin kashe ƙwayoyin cuta) da aka haɗiye ba ruwa sosai, aka kwanta, yakan maƙale ya ƙona hanyar abinci.

Magunguna kuma kan yi karo da juna ko da abinci. Rifampicin na tarin fuka yana raunana ƙwayar tazarar haihuwa. Nono, har na cikin fura, yana rage shigar magungunan kashe ƙwayoyin cuta ciprofloxacin da tetracycline jini, sai a ba da tazarar awanni.

A Najeriya hukumar NAFDAC ce ke tattara rahoton illar magani, ta hannun ma'aikatan lafiya ko ta manhajar Med Safety.