Me ya sa dawowa daga New York zuwa Landan ta fi zuwa sauri?

Daga filin jirgin Heathrow na Landan zuwa JFK na New York kilomita kusan 5,540 ne. Zuwa yakan ci wajen awa takwas, dawowa kuwa awa bakwai, wani lokacin ma ba ta kai ba. In ka tambayi dalili, da yawa za su ce ai duniya ce ke juyawa a ƙarƙashin jirgin. Wannan zance ya daɗe yana yawo, kuma ba haka abin yake ba.

Duniya daga yamma take juyawa zuwa gabas. Da juyawarta ce ke rage tafiya, da mai zuwa New York ne zai riga isa, tunda birnin zai taho ya tarye shi. Amma iska ma tare da ƙasa take juyawa, jirgin kuma a cikin iskar yake tafiya.

Ainihin dalilin wata iska ce mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas a can sama, wajen tsayin kilomita 9 zuwa 12, daidai inda jiragen fasinja ke bi. Da hunturu takan wuce kilomita 300 a awa ɗaya. Matuƙin da ya nufi Landan yakan shige cikinta ta tura shi gaba. Mai zuwa New York kuwa kauce mata yake yi, ko da hanya za ta ɗan ƙara tsawo. Juyawar duniya tana da hannu wajen samuwar wannan iska, iyakar rawar da take takawa ke nan.

A watan Fabrairun 2020, lokacin guguwar Ciara, da wannan iska ta yi ƙarfi sosai, wani jirgi ƙirar Boeing 747 na British Airways ya taso daga New York ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56.