Me ake nufi idan an ce tsatsa ta ci wayar jirgin ruwa?

Kowa ya san tsatsa da jan nan da ke fitowa a jikin fartanya idan ta kwana a ruwan sama. Amma in bakaniken injin jirgi a bakin ruwan Lagdo ko Maga, a arewacin Kamaru, ya ce maka tsatsa ta ci waya, kada ka tsaya neman ja. Wayar lantarki jan ƙarfe ce, kan batir kuma dalma ne, su kuwa tasu tsatsar koriya ce, ko shuɗiya, ko fara kamar an barbaɗa garin rogo. Asalin abin ɗaya ne: ƙarfe ya gamu da danshi da iska, fatarsa ta rikiɗe ta zama wani gari da wuta ba ta iya ratsawa.

Wurin da take fi ɓarna shi ne mahaɗi, inda waya ta gamu da waya, ko ta gamu da kan batir, ko makunnin fitila.

Na ga haka a jirgin kawuna. Fitilarsa ta kamun dare ta riƙa dushewa, injin ma sai ya yi ƙas-ƙas ya ƙi tashi. Har ya yi shirin zuwa Garwa sayen sabon batir. Wani matashin bakanike ya durƙusa, ya kwance kan batir ɗin, ya fere robar wayar kamar tsawon ɗan yatsa, ya ce: "Baba, batir ɗinku lafiyarsa ƙalau, ku duba nan." Silin wayar da ya kamata su yi ja suna sheƙi duk sun yi baƙi ƙirin, wasu na karyewa da an taɓa. Ruwa ne ya bi tsakanin silin ya hau ciki, yadda kananzir ke bin lagwani, alhali robar waje tana nan sumul kamar sabuwa. Wannan ɓoyon shi ne yake sa masunta asarar kuɗi a kan kayan da ba su lalace ba, kuma abin yana yi mini ciwo.

Batir ɗin jirgi bolt 12 ne kawai, ba shi da rarar da zai zubar a hanya. A ce injin mai tashi da makulli ya ja ampiya 100 (ma'aunin yawan wutar da ke bin waya), mahaɗi mai tsatsa ya cinye bolt 2. Ampiya 100 sau bolt 2, wat 200 ke nan na ƙarfin wuta ke zama zafi a wurin da bai fi kan yatsa ba. Saboda haka in inji ya ƙi tashi, a taɓa mahaɗan a hankali. Wanda ya ɗau zafi, a nan cutar take.

Akwai wata irin tsatsar da ta fi sauri, wadda masana suka raɗa wa sunan Galbani, likitan Italiya da ya rasu a 1798. Idan ƙarfe biyu mabambanta suka haɗu, ga ruwa a tsakaninsu, sai su zama ɗan ƙaramin batir, ɗaya yana cin ɗaya. Jan ƙarfe da alminiyon in sun haɗu, alminiyon ne ke narkewa. Dalilin ke nan da masu ƙera injin jirgi, irin su Yamaha, ke ɗaura wani ɗan guntun ƙarfe a ƙafar injin, na tutiya ko makamancinsa, don tsatsa ta ci shi ta ƙyale injin. Tun 1824 masanin kimiyya Hamfiri Debi ya gwada wannan dabara a jiragen ruwan Ingila. Wasu kan shafa masa fenti wai don ya yi kyau, ba su san sun kashe amfaninsa ba.

Wani zai ce ai ruwanmu ba na teku ba ne. Gaskiya ne, Binuwai da Logon da Shari ruwan daɗi ne, Tafkin Chadi ma haka, kuma tsatsa ta fi gudu a ruwan gishiri. Sai dai ruwan da ke kwanciya a cikin jirgi ya gauraya da yauƙin kifi da laka da zufa, ga zafin bazara da ke haura digiri 40, shi kuwa zafi yana hanzarta ta. Jiragen da ke dakon kanwa ta wajen Bol da Baga Sola, a gaɓar Tafkin Chadi, su ma sai sun kula, domin ruwan kanwa yana cin alminiyon.

Kanwar nan kuma ita ce maganin garin da ke taruwa a kan batir, tunda shi daga asid ɗin batir yake fitowa. A fara cire wayar baƙi, mai alamar ragi, sannan ja. A jiƙa kanwa ko bekin soda, farin garin nan na girki, a ruwa, a goge da tsohon buroshin haƙori har kumfa ta daina tashi, amma kada ɗigo ya shiga ramukan batir, kuma a kare ido. A ɗauraye, a bari ya bushe sarai, a kankare da samfefa har ƙarfe ya yi haske. Wajen mayarwa ja ce farko, baƙa daga baya, a ɗaure tam, a shafe da basilin ko giris. Waya da ta riga ta yi baƙi ba ta wankuwa. A yi ta yankewa har a kai inda take ja.

Murɗa waya biyu a naɗe da leda ko salatif ba gyara ba ne a kan ruwa. A matse su da bakin waya na ƙarfe, a zura musu robar nan da ke tsukewa in ta ji wuta. Wanda ya samu wayar da aka yi wa rufin kuza, silinta fari-fari, ya saya ko da ta fi tsada. A ɗaga batir daga ƙasan jirgi a sa shi a akwati mai murfi da kafar shan iska, kuma a bar wa kowace waya ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga mahaɗi, don ruwan da ya biyo ta ya ɗige a nan.