Tafinta a asibitin Amurka haƙƙinka ne, kuma kyauta ne

Mutanenmu da ke zaune a Amurka, musamman waɗanda suka kawo iyaye tsofaffi ko amarya da ba ta daɗe da zuwa ba, dan Allah ku san wannan. Idan mara lafiya ba ya jin Turanci sosai, asibiti ne doka ta ɗora wa nemo masa tafinta, kuma ko sisi ba za a karɓa a hannunsa ba.

Asalin abin yana cikin sashe na 6 na dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964, wanda ya hana duk wata ma'aikata da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna wa mutum bambanci saboda ƙasar da ya fito. A 1974 Kotun Ƙoli ta yi hukunci a shari'ar wasu yara 'yan asalin Sin a makarantun San Francisco, ta ce a zaunar da yaro a aji ana ta masa Turancin da ba ya ji shi ma bambanci ne. Sai dokar lafiya ta 2010 da ake ce wa Obamacare ta zo da sashe na 1557, shi kuma kai tsaye kan harkar lafiya. To kusan kowane asibiti yana karɓar kuɗin Medicare ko Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati, ka ga kenan da wuya ka shiga wanda dokar ba ta hau kansa ba. Kuma dokar cewa ta yi kowane mutum, ba ta ce sai mai takardu ba.

Ƙa'idojin da ma'aikatar lafiya ta tarayya ta fitar a 2024 su suka fayyace abin dalla-dalla. Tafinta sai ƙwararre wanda ya iya harsunan biyu da kalmomin likitanci kuma yake riƙe sirri, ko ya zo da kansa ko ta waya ko ta bidiyo. Asibiti ba shi da ikon ce maka ka zo da naka. Ba a sa ƙaramin yaro tafinta sai in abu ne na gaggawa, rai na cikin haɗari kuma ba a samu kowa ba tukuna. Babba ma da ya rako ka, in ba irin wannan gaggawar ba, sai in kai ka nema da bakinka. Takarda mai muhimmanci kamar ta amincewa da tiyata, in na'ura ta fassara dole mutum ƙwararre ya duba ta.

Maganar yaro ita ta fi damuna wallahi, don mu kam mun saba, a ɗauki ɗan shekara 12 a tafi da shi asibiti tunda shi ne mai Turanci a gidan. Uwa Bahaushiya ba za ta taɓa faɗin ciwon mara ko zubar jini a gaban ɗanta ba, balle ɗan fari da ko sunansa ba ta faɗa, za ta ce ciki ne kawai ke ɗan damunta, likita ya rubuta abin da ya ji a sallame ta da maganin da ba nata ba. Shi kuma yaron in likita ya ce ciwon daji ne, ta ina zai fara gaya wa uwarsa? Sau da yawa sassautawa zai yi ko ya haɗiye maganar gaba ɗaya.

Ka faɗi harshen da kake so tun wajen ɗaukar ranar ganin likita, don kafin a samo mai Hausa a layi yakan ɗan ɗauki lokaci. In sun ga Najeriya ko Gana a takarda za su ɗauka kana jin Turanci, in sun ga Nijar su haɗa ka da mai Faransanci, alhali tsohuwar da ta taso daga Maraɗi wataƙila ba ta taɓa shiga boko ba. Ka ce Hausa, ka sa a rubuta a fayil. Ko kana Turancin wajen aiki da kasuwa kana iya nema, don na bayanin magani daban ne.

Wasu sun ji cewa a watan Maris na 2025 Trump ya sa hannu a umarnin da ya mai da Turanci harshen hukuma, ya kuma soke na Clinton na shekarar 2000 kan taimakon harshe, sai suka ɗauka shikenan an daina. Umarnin shugaban ƙasa ba ya goge dokar da majalisa ta yi, sashe na 6 da na 1557 suna nan.

In an hana ka tafinta, rubuta ranar da sashen da abin ya faru, ka nemi ofishin da ke karɓar koken marasa lafiya a asibitin. In ba su yi komai ba akwai ofishin kare haƙƙi na ma'aikatar lafiya ta tarayya, OCR, ana kai ƙara kyauta ba sai da lauya ba, amma cikin kwana 180 daga ranar da abin ya faru.