Waiwaye: yadda haya ta zama abin tsoro a Njamena

Duk mai zaman haya a Njamena, babban birnin Chadi, abu biyu yake jira, ko mai gida ya aiko a ce an ƙara kuɗi daga wata mai zuwa, ko a wayi gari a ga ƴan meri, wato ma'aikatan hukumar birni, sun shafa alamar fenti ta rusau a bango. Mutane na ɗauka matsala biyu ce, ni kam a ganina igiya ɗaya ce, kuma ba yau aka fara tufka ta ba.

Tushen yana can 1967, lokacin garin ma sunansa Fort-Lamy. Dokokin ƙasa da aka yi a watan Yuli na shekarar suka ce filin da ba shi da titir fonsiye, wato takardar mallakar fili, na gwamnati ne. Toh mutum nawa ne ke da wannan takarda? Kakanninmu da suka zo fatauci da waɗanda suka yada zango a hanyar Makka suka zauna kusa da babbar kasuwa, su Ambasatna da Marjandafak, da yawansu wajen bulama suka samu fili, shaidu biyu uku, a yi fatiha, a ɗora ginin laka. A wajensu an gama magana, a wajen hukuma kuwa ba a ma fara ba.

Garin kuma bai daina cika ba. Ƙidayar 1993 ta samu mutum rabin miliyan da ƴan kai, ta 2009 ta samu kusan miliyan ɗaya. A tsakani ne man fetur na Doba da ke kudancin ƙasar ya fara fita a 2003, kuɗi suka shigo hannun wasu, kamfanoni da ƙungiyoyin waje suna neman gidan siminti suna biya ba ciniki, sai masu gida a tsakiyar gari suka gane cewa gara a kori iyali shida da ke ɗakunan laka a tsakar gida ɗaya a yi bene a ba mutum ɗaya.

Amma inda abin ya karye shi ne 2008. Ƴan tawaye sun shigo har cikin gari farkon Fabrairu, aka kore su, aka sa dokar ta-ɓaci, kafin watan ya ƙare shugaba Idriss Deby ya sa hannu a kan dokar da ta ba da damar rusa gine-ginen da aka ce ba bisa ƙa'ida suke ba. Buldoza ta shiga Gardole, tsohuwar unguwa a tsakiyar gari, ta shiga Shaguwa da Farsha da Waliya, wasu kwana kaɗan aka ba su su kwashe, mutum na cire kwanon rufi da ƙyaure da hannunsa don kada ya tashi a tutar babu. Amnesty International ta duba hotunan tauraron ɗan adam ta ƙirga gini sama da 3,700 da aka rusa cikin shekara guda. Waɗannan mutane fa ba duka ne suka bar garin ba, wanda jiya shi ke karɓar haya yau ya shiga layin neman ɗaki, ɗakunan sun ragu masu nema sun ƙaru, me kake tsammani?

Kuma ko a inda aka yi maganar diyya da mai gida ake yi. Ɗan haya sunansa ba ya cikin kowace takarda, yawanci ma da baki aka yi yarjejeniyar, rasit in an samu a bayan littafin makaranta aka rubuta.

Daga nan sai aljihu ya biyo baya. Mafi ƙarancin albashi sefa 60,000 ne tun 2011, farashin mai ya faɗi a 2014, a 2016 gwamnati ta kawo matakai 16 na tsuke bakin aljihu ta yanke alawus ɗin ma'aikata, haya kuwa ko ƙwandala ba ta sauka ba. Ka je neman antire-kushe, wato ɗaki ciki ɗaya, dillali zai karɓi nasa tun kafin ka ga ɗakin, mai gida ya ce abans, wato biyan gaba, na wata uku ko shida, ga kosiyon, wato kuɗin ajiya, wallahi wani sai ya sayar da kayan ɗakin matarsa kafin ya samu ɗakin da za ta zauna. In ka yi lattin wata biyu ba kotu ba komai, ka dawo kasuwa ka tarar da sabon kwaɗo a ƙofa.

Shi ya sa mutane suka yi ta janyewa baki-bakin gari, Waliya, Tukura, wasu suka haye gadar Ngeli suka kama ɗaki a Kuseri ta Kamaru suna shigowa aiki da safe, abin da aka rage a haya kuɗin kilando, wato babur ɗin haya, ya cinye. Kuma arhar can ɗin da dalili, Waliya da Tukura ƙasa ce ta fadama tsakanin kogin Shari da na Logon. A Oktoban 2022 ruwa ya cinye unguwannin har gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci, ɗakunan laka suka narke, mutane suka koma tantuna, wasu suka dawo cikin gari neman haya. Mai gidan da ɗakinsa ya rushe in ya sake gini da siminti ba a tsohon farashi zai bayar ba, kuma ba tsohon ɗan hayarsa ne zai iya biya ba. A 2024 ruwan ya sake dawowa.